Jinkirin Kawowa Yayin Saduwa da Iyali: Matakan da Magidanci Zai Bi

Koken da aka saba ji a bakin maza shi ne saurin kawowa, shi ya sa masu tallar magani da lasifika a kan mota ba su da wata waƙa sai ta ƙarin lokaci. Amma akwai wani koken da ke zuwa mini a sace, bayan an gama gaisuwa an duba hagu da dama: gaba na tashi lafiya lau, sha'awa na nan, ana saduwa har jiki ya mutu, amma maniyyi ya ƙi fitowa. Wani sai ya share minti 40 yana abu ɗaya, wani ya haƙura ya sauka ya juya baya, uwargida ma ta juya nata. In ya kuskura ya faɗa a majalisa, sai a ce ai shi ne namiji, me kuma yake nema. Tambayar ta yi yawa daga cikin garin Sakkwato da ƙauyukan kewaye, har na ga gara in jera amsar wuri guda.

Roƙona ɗaya ne, a bi matakan a jere. Na sa masu arha, waɗanda kuma suka fi zama sanadi, a gaba. Da yawa daga ƙarshe suke farawa, su zubar da kuɗi wajen gwajin sinadarai ko wajen mai magani, alhali abin da ke hana su yana cikin aljihun rigarsu.

Mataki na 1: Gane wace matsalar ce taka

Masu cewa ba sa kawowa kashi huɗu ne, kuma maganin kowane kashi daban yake. Akwai wanda yake kawowa amma sai an sha wahala. Akwai wanda ba ya kaiwa ƙarshen sam, babu jin daɗin gamawa, babu maniyyi. Akwai wanda yake jin ya gama sarai, jikinsa ya saki, amma babu abin da ya fito ko kuma ɗigo ne kawai. Na huɗu shi ne wanda gabansa ke kwanciya a tsakiyar hanya. Wannan matsalarsa ta tashin gaba ce, hanyarta daban, kada ya ɓata lokaci a nan.

Ɗan kashi na uku ya lura da fitsarinsa na farko bayan saduwa. In ya fito fari-fari, a gurɓace, to mai yiwuwa maniyyin baya ya koma ya zuba cikin mafitsara, domin bakin mafitsarar bai rufe ba a lokacin da ya kamata. Ba ya cutar da jiki, fitsari ke wanke shi, amma yana iya hana haihuwa.

Game da lokaci: wani nazari da aka yi a 2005 kan ma'aurata 500 a ƙasashe 5 ya nuna cewa matsakaicin lokaci daga shiga zuwa kawowa bai kai minti 6 ba. Labarin awa guda da ake bayarwa a shagon shayi, labari ne. Likitoci sukan fara kiran abin matsala in ana kaiwa minti 25 zuwa 30 ba a gama ba, a kusan kowace saduwa, na tsawon wata 6, kuma abin yana damun mijin ko matar. Daren da ka dawo daga Illela ko Gusau a gajiye abin ya ƙi, wannan ba ciwo ba ne.

Sai ka amsa wa kanka waɗannan, ka rubuta, don likita zai tambaye ka su: Tun da ka yi aure haka kake, ko daga baya ya fara? In daga baya ne, me ya canza a watannin, sabon magani, rashin lafiya, tiyata, bashi, rigima a gida? Kana yin mafarki ka tashi ka ga maniyyi? Kana kawowa da hannu? In kana da mata fiye da ɗaya, a kowane ɗaki abin ke faruwa ko a ɗaki ɗaya? Amsoshin nan uku na ƙarshe sun fi gwajin jini da yawa amfani. Wanda yake kawowa a mafarki, ko da hannu, ko a ɗakin ɗaya matar, jijiyoyinsa da hanyoyin maniyyinsa suna aiki. Mataki na 3 da na 5 ne nasa. Wanda ba ya kawowa ta kowace hanya, ya ba mataki na 2 da na 4 ƙarfi.

Gargaɗi: kada ka ajiye waya kusa da filo kana duba lokaci. Kintace ya isa. Ƙirga minti shi kansa yana ƙara jinkirin.

Mataki na 2: Zazzage duk abin da kake sha

Samu leda ɗaya. Duk abin da ke shiga bakinka ko kake shafawa a gabanka, na asibiti, na kemis, na gargajiya, na aboki, zuba shi ciki da kwalinsa. Sai ka duba ko akwai ɗaya daga cikin waɗannan.

Tramadol, wato tiramol. A yankinmu shi ne na farko da za a zarga, musamman ga matasa da masu aikin ƙarfi, 'yan kabu-kabu, leburori, masu noman rani. Wasu don gajiya suka fara, wasu kuwa da gangan suka fara sha daren angonci don kada su ji kunya. Yana jinkirta kawowa da gaske, shi ya sa ake sayensa. Matsalar ita ce jiki na sabawa, a ƙara ƙwaya, jinkirin ya wuce inda ake so, daga baya ya rage sinadarin namiji har sha'awar ma ta tafi. Wanda asibiti ke bayarwa mai lamba 50 ko 100 ne. Masu 200 da 225 da ke yawo a bayan fage haramtattu ne. Kodin ma haka yake yi, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari da shi tun 2018 amma bai ɓace ba. Giya da yawa ita ma tana kashe jin jiki.

Gargaɗi: wanda ya daɗe yana shan tiramol kullum kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai. Zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci da ƙunci za su mayar da shi cikin kwana biyu, ya koma da ƙwaya fiye da da. Ragewa ake yi a hankali a hannun likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware yana wannan aikin, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Magungunan damuwa da na ƙwaƙwalwa. Paroxetine, sertraline, fluoxetine da danginsu sun shahara da wannan illar, paroxetine ya fi. Haka amitriptyline, wanda ake yawan ba masu rashin barci ko zafin ƙafa na ciwon suga. Haka haloperidol, chlorpromazine da risperidone. Wani ɗan kemis ma yakan miƙa paroxetine a matsayin maganin saurin kawowa ba tare da ya faɗi asalin aikinsa ba, mutum ya yi ta sha har wata shida.

Gargaɗi: in likita ne ya rubuta maka, kada ka daina da kanka. Ciwon da ake yi wa magani zai iya dawowa, kuma yankewa farat ɗaya na kawo jiri da rikicewar jiki. Koma wurin wanda ya rubuta ka gaya masa. Akwai rage yawa, akwai canzawa. Haɗa waɗannan da tiramol kuma na iya jawo farfaɗiya ko abin da ya fi ta.

Maganin wahalar fitsari na dattawa. Tamsulosin, da ake ba mai kumburin furostat, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara, yakan sa a gama babu maniyyi. Yawanci yana dawowa in an canza maganin. Wasu magungunan hawan jini, kamar methyldopa da masu sa yawan fitsari, su ma suna taɓa wannan ɓangaren. Nan ma canji ake nema, ba dainawa ba; shanyewar ɓarin jiki ta fi jinkirin kawowa muni nesa ba kusa ba.

Na shafawa da na fesawa. Duk man da aka ce yana ƙara lokaci, kashe jin fata yake yi. Akwai kwaroron roba ma da ake sa wa irin wannan maganin a ciki. Waɗannan kam a daina yau.

Sai maganin maza na kwalba da na ƙulli, da shayi ko kofi ko zumar da ake cewa na ƙarfi ne. Babu wanda ya san abin da ke ciki sai mai haɗawa, kuma an sha kama irin waɗannan kayan da maganin bature a ɓoye a ciki. Ajiye su duka na wata guda ka ga bambanci. In ka sha wani abu gabanka ya tashi ya ƙi kwanciya har awa 4, musamman in kana da sikila, asibiti za ka tafi a daren, ba da safe ba. Jinkiri a nan na iya kashe gaban har abada.

Mataki na 3: Zauna da maiɗakinka

Wannan ba ya cin ko kwabo, amma shi aka fi tsallakewa. Ka san abin da ke ranta? Tana ganin ba ta gamsar da kai, ko haihuwa ta buɗe ta, ko hankalinka na wajen wata. Daga nan sai ta shiga neman haƙin maye, wannan ta ba ta na sha, waccan ta ba ta na matsi. Na matsin nan, musamman masu busarwa, su ke ƙara lalata al'amarin: gabanta ya bushe, doguwar saduwa ta zama gurzawa, ta ji ciwo, ta fara gudun shimfiɗa, kai kuma ka ɗauka ƙinka take yi.

Zaɓi lokacin da ba na kwanciya ba, yara sun tafi makarantar allo, ku biyu kawai. Ba sai an yi dogon wa'azi ba. Abin da ake bukata bai wuce haka ba:

"Maman Abba, zo ki zamna. Wanga abu da ka faruwa da ni, ba laihinki ba na. Jikina na, kuma zan ga likita. Ki bar sayen komi sabili da ni."

"To Malam, ai ni na ɗauka ni ce. Kunya ta hana ni tambaya."

Daga nan ku yi yarjejeniya biyu. Ta farko, duk lokacin da ta ji zafi ko ta gaji, ta faɗa a tsaya, ba fushi. Ta biyu, ba dole ba ne kowace saduwa ta ƙare da maniyyi. Ka tabbatar ita ta samu biyan bukatarta, in naka bai zo ba a bar shi sai gobe. Nauyin mara ko ɗan ciwon 'ya'yan maraina da kan biyo baya yana wucewa da kansa. Maniyyin da bai fita ba jiki ne ke shanye shi, ba ya taruwa ya zama cuta kamar yadda ake faɗa. Wankan janaba dai ya hau kanku tunda an shiga, ko an kawo ko ba a kawo ba.

Ku sayi man santsi na ruwa a babban kantin magani, irin K-Y Jelly. Kwalba ɗaya na daɗewa.

Gargaɗi: ban da man zafi, ban da sabulu, ban da turare. Basilin da man gyaɗa suna yaga kwaroron roba. Kuma kada ka riƙa yin kamar ka kawo don ka huta. Mace na ganewa, kuma ranar da maganar haihuwa ta taso za ka rasa ta inda za ka fara.

Mataki na 4: Gwaje-gwaje, daga mai arha

Je da ledarka da takardar amsoshinka. Za ka iya farawa a Asibitin Ƙwararru na jiha ko babban asibitin ƙaramar hukumarku. In abin ya fi ƙarfinsu su tura ka Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda akwai likitocin mafitsara da al'aurar maza. A can ma ta sashen marasa lafiya na waje ake fara bi, ka yanki kati, ka yi sammako.

Inda aka fi yin asara shi ne cikin ɗakin likita. Mutum ya bi layi tun safe, ya shiga ya ce bayansa ke ciwo, ko "sanyi" ke damunsa, ya fito da maganin da bai shafe shi ba. Faɗi kai tsaye: "Likita, ranka shi daɗe, matsalar iyali ta kawo ni. Gabana na tashi amma ba ni kawowa, wata takwas ke nan. Ga abin da nika sha." Ya ji irin wannan ba adadi. In ɗalibai sun cika ɗakin, kana da damar roƙon a rage su.

Ga jerin yadda ya kamata kuɗinka ya tafi.

Farko awon hawan jini da gwajin suga. Su ne mafi arha, kuma suga ne babban ɓarawon da ake nema. Ciwon suga da ya daɗe yana cin ƙananan jijiyoyin da ke tura maniyyi da masu rufe bakin mafitsara, kuma mutane da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. Ana gwadawa da safe bayan awa 8 ba ci, ruwa kawai. In ya kai 7.0, ko 126 a ɗaya ma'aunin, aka maimaita ya sake kaiwa, ciwon suga ne. Gwajin HbA1c ya fi tsada amma yana nuna yadda sugan ya kasance a wata 3 da suka wuce, daga 6.5 zuwa sama alama ce. In tafin ƙafarka na zafi ko dindiris da dare, ka faɗa.

Na biyu gwajin fitsari. Ga ɗan kashi na uku akwai na musamman: ka fara yin fitsari ka zubar, sannan a sadu ko a yi wasa har ka ji ka gama, sai ka tara fitsarin da ya biyo baya a kwalbar da ɗakin gwaji suka ba ka, ka kai da wuri. In an ga ƙwayoyin maniyyi da yawa a ciki, magana ta ƙare.

Na uku, kuma sai likita ya ga dalili, gwajin sinadarai: testosterone (sinadarin namiji), prolactin (sinadarin da ke sa nono ya kawo ruwa, maza ma suna da shi) da na tayirod, wato ƙullin maƙogwaro. Ƙarancin na farko, yawan na biyu, ko raunin na uku duk suna kawo jinkiri. Kowanne kuɗinsa daban, kuma su ukun a haɗe sun fi duk na baya tsada. Tambayi farashi a wuri biyu kafin ka biya. In kana cikin inshorar lafiya ta tarayya, NHIA, ko ta jiha, SOCHEMA, tambayi waɗanda ta ɗauke maka.

Gargaɗi: testosterone da safe ake ɗibarsa, kafin ƙarfe 10, domin yana sauka da rana. Wanda aka ɗiba da la'asar zai iya nuna ƙaranci na ƙarya. Ko na safen ya nuna ƙasa, sai an maimaita kafin a yanke hukunci.

Kada ka manta ka faɗi tiyata ko hatsari. Mafi yawan waɗanda aka kankare wa furostat ta hanyar fitsari maniyyinsu baya yake komawa daga nan. Faɗuwa daga babur da ta taɓa ƙashin baya, ko tiyatar ciki da ta mara, su ma suna iya taɓa jijiyoyin.

Gargaɗi mai girma: in matsalar ta zo farat ɗaya tare da ciwon baya, mutuwar ƙafa, rashin jin taɓi tsakanin cinyoyi da dubura, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba da kansa, wannan lakar baya ce ta matsu. Sashen gaggawa, a ranar.

Mataki na 5: Sake koya wa jiki

In gwaji ya fito lafiya, ledar ma babu komai, to a nan aikin yake, kuma yana bukatar haƙuri na makonni.

Fara da abin da ba a son faɗa. Aure ya yi tsada, samari na kaiwa shekara 30 da ɗoriya ba su yi ba, waya kuma na hannu. Wanda ya shekara goma yana biya wa kansa bukata da hannu, da matsewa mai ƙarfi da sauri, ko ta hanyar kifa ciki yana gurzawa a katifa, ya saba wa jikinsa da wani irin taɓi da babu macen da za ta iya ba shi. In an haɗa da kallon finafinan batsa, ƙwaƙwalwa ma ta saba da canjin fuska kowane minti. Hukuncin abin a addini kowa ya san inda zai tambaya. Ni ta fuskar jiki nake magana. Gyaransa shi ne a daina duka biyun ɗungurungum, daga makonni kaɗan zuwa wata 2, duk wata sha'awa a tara ta ga iyali. Makon farko da na biyu ba za ka ga canji ba. A nan da yawa ke karaya.

Sai tazara. Ɗan shekara 55 ba ɗan 25 ba ne; jin fata na raguwa, kuma lokacin da jiki ke bukata kafin ya sake shiri yana tsawo, wani kwana ɗaya, wani biyu ko uku. Mai mata uku da ke son ya nuna bajinta a kowane ɗaki kowane dare, shi ya jawo wa kansa. Malamai sun yi bayani cewa adalcin da aka wajabta na rabon kwana ne, ba lallai saduwa kowane dare ba. Ka nemi malaminka ya warware maka dalla-dalla. Ba da kwana 2 ko 3 tsakani ka gani.

Lokaci ma na da tasiri. Daga Maris zuwa Mayu, da zafin Sakkwato ya haura 40, ɗaki ya ɗauki zafin yini, ba wuta, an cika ciki da tuwo, ƙarfe 11 na dare shi ne mafi munin lokacin da za a zaɓa. Gwada kafin asuba ko bayanta, jiki ya huta, gari ya yi sanyi, sinadarin namiji kuma na sama.

Yanzu yadda za a yi a shimfiɗa. Kuskuren mai jinkiri shi ne yana shiga da wuri, da zarar gaba ya tashi, alhali sha'awarsa ba ta kai ko rabi ba, sai ya koma neman ƙarshen da ƙarfin ƙugu. Tashin gaba daban, nisan sha'awa daban. Juya tsarin:

Ku tsawaita wasa sosai. Ta yi maka da hannunta, da man santsi, kai kana nuna mata inda da yadda ya fi maka. Malamai da yawa sun halatta wannan tsakanin miji da mata. A karo na farko da na biyu ku bari ka kawo a hannunta kawai, don jiki ya saba da gamawa a gabanta. Bayan haka, ta kai ka har dab da ƙarshe, inda ka ji ba komawa, sannan ka shiga. In an samu haka sau da yawa, sai a riƙa shiga da ɗan wuri, kaɗan-kaɗan. Zaɓi kwanciyar da kai ke riƙe da motsi, kuma in ta haɗe ƙafafunta taɓin na ƙaruwa.

Abin da ya fi wuya shi ne hankali. Mai jinkiri yakan koma ɗan kallo a kan kansa: zai zo kuwa, ta gaji ne, yara sun ji motsi? Duk lokacin da ka kama kanka kana wannan, mayar da hankali kan abin da fatarka ke ji da numfashinka. In minti 15 zuwa 20 sun wuce ba alama, ku tsaya da daɗin rai.

Wanda kuma abin ke faruwa a ɗaki ɗaya kawai, ya tambayi kansa gaskiya. Auren da aka yi masa ba da sonsa ba, fushin da aka haɗiye, tsoron kada a sake samun ciki ga tsadar rayuwa, ko tarbiyyar da ta sa yake ganin abin ƙazanta ne ko da halal ɗinsa. Waɗannan hannu da man santsi ba sa warware su. Likitan halayyar ɗan Adam na iya taimakawa, kuma ya fi kyau ku je tare.

Mataki na 6: Abin da magani zai iya da wanda ba zai iya ba

Har yau babu ƙwayar da aka amince da ita musamman don jinkirin kawowa. Duk wanda ya ce yana da ita a kwalba, kuɗinka yake so. Abin da likita ke yi shi ne gyara sanadin: ya canza maganin damuwa zuwa wanda bai cika taɓa wannan ɓangaren ba, kamar bupropion ko mirtazapine, ya saukar da prolactin, ya cike na tayirod, ya daidaita suga don ɓarnar jijiya ta tsaya. Ga mai komawar maniyyi baya saboda suga, akan gwada pseudoephedrine ko imipramine don su matse bakin mafitsara. Wasu na dacewa, amma ba sa yin aiki sosai ga wanda tiyata ce sanadinsa, kuma suna tayar da hawan jini da bugun zuciya, don haka ba na saye a kemis ba ne.

Kurakuran da aka fi yi a nan: shan Viagra, wanda tashin gaba yake gyarawa, ba kawowa ba, sai ma ya ƙara wa matar tsawon wahala. Shan maganin ƙwayoyin cuta zagaye bayan zagaye da sunan sanyi, ba tare da gwaji ya nuna komai ba. Ɗora laifin a kan basir, a yi ta shan jiƙo ana gudawa. Da kuma cewa ɗauri aka yi, a fara zargin kishiya ko tsohuwar budurwa. Addu'a da ruƙiyya ba wanda ya hana ka, amma ka yi su da takardar gwajin suga a hannu. Gidaje sun rikice kan zargi alhali sugan maigida ne ya hau.

Gargaɗi: allurar testosterone ga wanda nasa bai yi ƙasa ba ba ta gyara komai, kuma tana dakatar da samar da ƙwayoyin maniyyi. Mai neman haihuwa ya nisance ta.

Mataki na 7: In ana neman haihuwa

Ƙa'ida ita ce a nemi likita bayan shekara 1 ana saduwa ba ciki, ko wata 6 in matar ta kai 35. Amma wanda ya san maniyyinsa ba ya isa inda ya kamata ba shi da dalilin jira. Kuma kada ya bari dangi su sa matar a gaba, ko a fara yi masa zancen ƙarin aure, alhali ya san inda matsalar take.

Kada a mayar da kwanakin ɗaukar ciki ranar jarrabawa. "Yau ce ranar, dole a yi" na daga cikin abubuwan da suka fi tsayar da mai jinkiri. Saduwa duk bayan kwana 2 ko 3 a tsawon wata ta wadatar, ba sai an ƙirga ba.

In kana kawowa a hannunta amma ba a ciki ba, akwai hanya mai arha da likitan mata zai nuna muku: a tara maniyyin a ƙaramin kofi mai tsabta, busasshe, a zuƙa da sabon sirinji marar allura, a zuba a gabanta a hankali cikin awa guda, ta ɗan kwanta, a kwanakin tsakiyar wata. Maniyyin mijinta ne, cikin aurensu. Ana samun ciki ta haka. Kafin nan a gwada maniyyin, bayan kwana 2 zuwa 7 ba a fitar ba, a kai ɗakin gwaji cikin awa 1, a riƙe kwalbar a aljihun da ke jikin fata, kada a bar ta a rana ko kusa da injin babur.

Mai komawar maniyyi baya, akan ba shi maganin rage tsamin fitsari, a tace ƙwayoyin daga fitsarin, a wanke, a zuba a mahaifa. Wanda lakarsa ta taɓu akwai na'urar girgiza da ake ɗorawa a kan gaba. In raunin a saman baya yake, a asibiti kawai ake gwada ta domin jini na iya hawa farat ɗaya. Mataki na ƙarshe shi ne ɗebo ƙwayoyin kai tsaye daga maraina a haɗa da ƙwan matar a ɗakin gwaji. Wannan miliyoyin naira ne, a manyan cibiyoyi ake yi, kuma ba kowane zagaye ke kamawa ba. Kafin a biya kuɗin kowanne daga cikin waɗannan, a duba ita ma matar, ƙwanta da hanyoyin mahaifarta, don kada a sayar da gona a kan rabin matsala.